Maɗigar Jariri da Mas'alar Hankali

Duk macen da ta taɓa yi wa jariri wanka a Tchaké, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, ta san cewa a tsakar kan sabon haihuwa akwai wani wuri mai taushi wanda ƙashi bai rufe ba, wanda in an ƙura masa ido za a ga yana harbawa sannu-sannu, shi ne maɗiga. Ta san ba a danna ta. Ta san in ta lotsa alhali yaro yana zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare, sai a gaggauta kai shi likita. Ta kuma san ba ta rufewa sarai sai yaro ya shekara ɗaya da rabi, ko ya doshi biyu. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne hikimar da ta sa Ubangiji, wanda ya ƙera ƙoƙon kai don ya zama garkuwar mafi darajar gaɓa a jikin ɗan Adam, ya bar masa ƙofa a buɗe tsawon wannan lokaci, alhali ɗan birin nan da ake kira cimfanzi, wanda ƙirarsa ta fi ta kowace dabba kama da tamu, tasa takan rufe cikin 'yan watanni. Likitoci sun ba da dalilai biyu: na farko don ƙasusuwan kai su iya matsewa su hau juna lokacin naƙuda, na biyu kuwa, wanda a kansa za mu yi magana, don ƙwaƙwalwar da ke ciki ba ta gama girma ba, ba ta ma yi kusa ba.

Mas'alar mazaunin hankali tsohuwa ce a zaurukan malamanmu. An ruwaito daga Imamu Malik da Imamu Shafi'i cewa hankali a zuciya yake, an kuma ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa a ka yake. Masana ɗibbu irin su Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, sun rarraba ƙarfin suranta abu da na wahami da na tunawa a cikin kogunan ƙwaƙwalwa, kowanne da gurbinsa. Waɗansu kuma suka sulhunta, suka ce asalinsa yana zuciya, haskensa ne yake hawa zuwa kai. Duk da wannan saɓani babu wanda ya musa abin da ido ya gani, cewa bugu a ka yana gusar da hankali, littattafan fiƙihu kuwa, har da Risala ta Ibnu Abi Zaid da almajiranmu ke karantawa, sun sanya cikakkiyar diyya a kan wanda ya gusar da hankalin ɗan'uwansa. Mutanen ƙasarmu Nijar da suka ga annobar sanƙarau ta 1995 da 1996, suka ga yaran da suka tashi daga ciwo amma jinsu ko fahimtarsu ba ta dawo tare da su ba, ba su bukatar dogon istidlali kafin su yarda cewa, ko mene ne haƙiƙanin ruhu, wanda al'amarinsa na Ubangiji ne, ƙwaƙwalwa ita ce kayan aikin da yake tasarrufi da su a wannan duniya.

Ƙwaƙwalwar baligi takan cika wuri kimanin mililita 1350, wato lita ɗaya da sulusi, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel, masaniya 'yar Barazil, ta fitar a 2009. Ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ta cimfanzi ba ta cika wuce mililita 400 ba. Masu tonon ƙasusuwan da suka zama dutse sun samu ƙoƙunan kai da suka cike tazarar da ke tsakanin girman ta mutum da ta cimfanzi, mafi daɗewarsu kuwa a maƙwabciyarmu Cadi aka same shi: ran 19 ga Yuli 2001, a hamadar Djurab, wani matashi ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, yana cikin ayarin binciken Michel Brunet na Jami'ar Poitiers, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da miliyan 7, cikinsa kuwa bai kai mililita 400 ba. Yaron da Kamoya Kimeu ya gano a gaɓar tafkin Turkana na Kenya a 1984, mai shekaru kimanin miliyan ɗaya da rabi, nasa ya doshi 900. Waɗanda aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko, masu shekaru wajen 300,000, nasu ya riga ya kai girman namu. Ƙasusuwa dai sun nuna cewa girma ya auku, amma ba su faɗi yadda ya auku ba, sai da aka iya karanta abin da ke cikin ƙwayoyin gado.

A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai wani zare siriri da ake kira DNA, wanda aka jera shi da haruffa iri 4 kacal, jimillarsu wajen biliyan 3, kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A cikinsa akwai gaɓoɓi kimanin 20,000, kowanne yana ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari na jiki, su ne ƙwayoyin gado. Ta hanyar cuta aka fara gane waɗanda ke riƙe da girman ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka saba gane darajar lafiya. A 2002, Geoffrey Woods na Leeds ta Ingila da abokan aikinsa, suna nazarin waɗansu iyalai 'yan asalin arewacin Pakistan da ke yawan auren zumunci, waɗanda ake haifa musu yara da ɗan ƙaramin kai, ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce sulusin ta sauran mutane ba alhali sauran jiki lafiya lau, suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna ASPM ce ta lalace. Aikinta shi ne daidaita yadda iyayen ƙwayoyin jijiya suke rabuwa gida biyu a cikin tayi. In ta lalace sai su daina hayayyafa da wuri, adadi ya gaza. Yaro ba ya kamuwa sai ya gaji lalataccen kwafi daga uwa da kuma uba, su kuwa iyayen lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu, daidai da yadda ake gadon sikila. Mu ma masu auren zumunci ne, shari'a kuwa ta halatta shi, amma dangin da suka ga irin wannan haihuwa ta maimaitu a cikinsu, neman shawarar likita ya fi musu ɗora wa aljanu ko kishiya laifi.

Bayan wannan aka samu abin da ya fi ban mamaki, wato ƙwayoyin gado da babu mai su sai mutum. Wanda ya taɓa ganin mai kwafar littafi da hannu ya san yakan maimaita shafi, ya rubuta shi sau biyu. Shafin farko yana nan yana cika ma'anar littafi, na biyun kuwa, tun da babu abin da ya dogara a kansa, in an canja masa harafi ba a yi asarar kome ba, wani lokaci ma sai wata sabuwar ma'ana ta fito. Haka ya auku ga wata ƙwaya da ake kira ARHGAP11B, wadda ta samu daga maimaituwar wani yanki na 'yar'uwarta shekaru kimanin miliyan 5 da suka wuce, daga baya harafi ɗaya tak ya canja a cikinta, aikinta ya zama dabam. A 2015 ɗakin binciken Wieland Huttner a Dresden ta Jamus ya nuna cewa tana yawaita iyayen ƙwayoyin jijiya a tayin ɓera. A 2020 suka sa ta cikin tayin wani ɗan ƙaramin biri na Kudancin Amurka, ɓawon ƙwaƙwalwarsa ya ƙaru, ya fara nannaɗewa, sai suka tsayar da gwajin a kwana na 101 na ciki, ba su bari an haife shi ba, domin sun ga bai dace a zo da halittar da ba a san me za ta zama ba. A 2018 ayari biyu, na David Haussler a Amurka da na Pierre Vanderhaeghen a Beljiyam, suka bayyana wata mai suna NOTCH2NL, wadda ke hana iyayen ƙwayoyi saurin balaga, su ci gaba da hayayyafa tukuna kafin su rikiɗa su zama jijiya. Wata kuma, SRGAP2C, da aka bayyana a 2012, tana jinkirta nunar mahaɗan da jijiyoyi ke saduwa ta kansu, sai su fi yawa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu koma gare shi: aikin waɗannan ƙwayoyi, ta fuska ɗaya ko wata, jinkirtawa ne.

A nan ne wani ɗan'uwa mai kishin addini zai ce, in an jingina girman ƙwaƙwalwa ga harafi ɗaya da ya canja, ina aka bar ƙudurar Allah? Amsar tana cikin littattafan tauhidi da ake karantarwa a ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya karantar da cewa hukunci iri uku ne, na shari'a da na hankali da na al'ada, shi kuwa na al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, ba tare da an ce ɗayan ne ya halicci ɗayan ba. Wanda ya ce wuta tana ƙonewa da ikon kanta ya ɓata a aƙida, wanda kuma ya ce babu wata alaƙa tsakaninsu har ya tura hannu cikin murhu ya ɓata a hankali. Ilmin ƙwayoyin gado kacokan yana ƙarƙashin hukuncin al'ada: yana gaya mana da wane sababi Allah ya gudanar da sunnarsa, bai kuwa da bakin magana a kan Mai sabbabawa. Masanin da ya tsallake daga bayanin sababi zuwa kore Mahalicci ya bar fagensa ya shiga falsafa, a can kuwa hujjarsa ba ta fi ta kowa ba.

Mas'alar asalin mutum ta fi wannan nauyi, ba kuma zan rage mata nauyi ba. Masu bincike suna cewa jikin mutum da na waɗancan halittu masu ƙananan kawuna daga tsatso ɗaya suke, hujjojinsu kuwa a fagensu masu ƙarfi ne. Malaman Musulunci na wannan zamani sun kasu: akwai masu kore wannan gaba ɗaya, akwai masu karɓarsa a kan dabbobi su keɓe Annabi Adamu, alaihissalam, akwai masu ganin nassi bai hana jiki ya bi matakai ba. Tun a 1377 Ibnu Khaldun ya siffanta halitta a Muƙaddimarsa tana hawa daraja-daraja, daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi, har zuwa birai, sa'an nan mutum mai tunani, ko da yake manufarsa ba ita ce ta masu binciken nan ba. Abin da na riƙe shi ne, labarin Adamu da busa masa ruhu daga wahayi muka same shi, ƙashi ba ya iya shaidarsa, ba ya kuma iya ƙaryata shi. Haka nan bai kamaci Musulmi ya musa ƙoƙon kan da aka ɗauko daga rairayin Cadi aka auna shi a gaban idon jama'a ba, domin musun abin da ake gani yana raunana mai musu, ya kuma sa ɗalibai matasa su zaci addininsu yana tsoron bincike.

Akwai wata ɓarna da aka yi da awon kai wadda ta shafe mu kai tsaye, ba na kuwa iya ambatonta ba tare da raina ya ɓaci ba. A 1839 Samuel Morton na Filadelfiya ya buga littafi a kan ƙoƙunan kai da ya tara yana cika su yana aunawa, aikinsa kuma ya zama madogara ga masu jera jinsuna daraja-daraja, baƙar fata a ƙasa, a zamanin da ake cinikin bayi; alhali tun a 1836 Friedrich Tiedemann, masanin jiki Bajamushe, ya auna ya ce bai ga abin da ya ƙasƙantar da ƙwaƙwalwar baƙin mutum ba. Wancan zato na jera jinsuna ya sake leƙowa a 2005, sa'ad da Bruce Lahn na Jami'ar Chicago ya ba da rahoton waɗansu sababbin nau'o'in ASPM da wata 'yar'uwarta da suka yaɗu a Turai da Asiya fiye da Afirka ta kudu da Sahara, masu neman hujjar wariya suka yi ta murna. Amma a 2007 binciken da shi kansa yake ciki, a kan mutane fiye da 2000, bai samu wata alaƙa tsakanin waɗannan nau'o'i da basira ba. Ƙwayoyin da suka girmar da ƙwaƙwalwa, irin ARHGAP11B, suna jikin ɗan Tchaké kamar yadda suke jikin ɗan Faransa. Girma ma shi kaɗai ba ma'auni ba ne: ta giwa takan kai kilo 5, marubucin Faransa Anatole France kuwa, wanda ya samu kyautar Nobel a 1921, tasa da ƙyar ta haura kilo ɗaya. Shari'a ta riga ta raba tsakanin taklifi da karama: wanda hankalinsa ya gaza an ɗauke masa alƙalami, amma jininsa da mutuncinsa da gadonsa suna nan daidai da na babban malami.

Mu koma ga jinkirin da muka ajiye. Halittar da ke tafiya da ƙafa biyu ƙashin ƙugunta ba ya iya faɗi ba iyaka, jikin uwa kuma ba ya iya ciyar da tayi mai irin wannan ƙwaƙwalwa fiye da wani lokaci. Saboda haka ake haihuwar ɗan mutum ƙwaƙwalwarsa ba ta kai sulusin girmanta ba, alhali ta ɗan cimfanzi ta kai wajen kashi 40 cikin 100, ɗan akuya kuwa ranar haihuwarsa yake miƙewa ya bi uwarsa. Duk da haka kan jariri da ƙyar yake ratsa hanya, farashin kuwa mata ke biyansa, musamman yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Wanda ya san abin da ya sa aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012, ya san abin da doguwar naƙuda take yi. Sauran ginin ƙwaƙwalwa kuwa a wajen mahaifa ake yin sa: kafin shekara 2 ƙwaƙwalwa ta kai wajen kashi uku cikin huɗu na girmanta, kafin 6 ta kai kashi 90 cikin 100. A 2014 Christopher Kuzawa da abokan aikinsa suka lissafa cewa ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara 4 zuwa 5 tana cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa yana hutawa, shi ya sa jikin yaro yake jan ƙafa wajen girma a waɗannan shekaru.

Ma'anar wannan, a fahimtata, ita ce Allah ya rubuta tsarin ginin a cikin ƙwayoyin gado, ya fara shi a mahaifa, sa'an nan ya miƙa ƙarashensa amana a hannun uwa da uba da dangi da gari. Ba daidai ba ne ke nan mu kalli yaron da ya kasa karatu mu ce haka Allah ya yi shi, mu yi shiru, ba tare da mun tambayi abin da ya ci da abin da uwarsa ta ci ba, domin abin da muka ba shi da abin da muka hana shi duk suna cikin ƙaddarar, a kansu kuma za a tambaye mu. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da ke tauye ƙwaƙwalwa alhali ana iya kare su, maganinsa kuwa gishiri mai aidin ne. Ƙarancin jini ga mai ciki, da maimaituwar zawo, da zazzaɓin cizon sauro, da yayen gaggawa saboda rurrutsa, kowanne yana yankar rabonsa. A 2005, bayan fari da farin ɗango na shekarar da ta gabata, jihar Maraɗi, wadda take cikin manyan rumbunan Nijar, ita ce ta zama cibiyar tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a ƙasar cikin shekarar, alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Ƙididdigar shekarun baya-bayan nan tana nuna kusan rabin yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Maraɗi da Damagaram ma abin ya haura rabi. A 2010 kuma, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ta bar waɗansu da raunin ƙwaƙwalwa.

Kada wannan ya jefa iyaye cikin yanke ƙauna, domin jinkirin da ya sa ƙwaƙwalwa ta zama mai rauni shi ne ya sa take karɓar gyara. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor ta bibiyi yara 129 da suka tsumbure; waɗanda ake ziyarta mako-mako har shekara 2, ana koya wa iyayensu mata yi musu wasa da magana, bayan shekara 20 aka tarar abin da suke samu ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Goyo, da tawai, da tatsuniyar kaka da dare, da amsa wa jariri gwarancinsa, ashe duk aikin gini ne, kuma ba su bukatar ko dala.

Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali, sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Mu kuwa idan aka zo wannan babi a majalisin wa'azi, kusan kullum a kan haramcin giya da ƙwaya muke tsayawa, wannan kuwa gaskiya ne amma rabi ne. Imamu Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya bayyana a Muwafaƙat cewa kowace larura ana kiyaye ta ta fuska biyu, fuskar samar da ita da fuskar kare ta daga rushewa, ya kuma sanya ci da sha cikin abin da ke tsayar da rai da hankali ta fuskar samarwa. Abin da ya faɗa bisa basirar fiƙihu, yau an auna shi da sikeli. Shekara biyu na shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara, tare da ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa, sun faɗo daidai kan shekarun da maɗiga take buɗe, ƙwaƙwalwa take girma mafi sauri. Saboda haka nake ganin limamin da ke tunatar da mutanen Tchaké zakkar hatsi idan kaka ta yi, ya cancanta ya haɗa da wannan babi: ya tambayi maigidan da zai tafi cin rani Kano ko Agadas tiya nawa ya ware wa mai ciki da mai goyo kafin ya rufe rumbu, ko an bar musu wake da gujiya ko duk an kai kasuwa, ya kuma tambayi masu riƙe da bankin cimaka wa ake fara aunawa daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, sauro ya yi yawa, mata kuma suna gona da goyo a baya.